Bashin Ciki

Haƙorana na gaba suna Masar, ni ma ina Masar, amma ba ma tare. Na bar su a bakin tashar tuktuk ta Hada'ik el-Ma'adi, inda kekunan haya masu ƙafa uku suke layi, daf da shagon mahaucin unguwa, wata ranar zafi bayan La'asar. Masu ganin ina dariya baki rufe suna ɗauka kamalar tsufa ce. Giɓi nake ɓoyewa.

Ni ɗan mahauta ne. A rumfar nama na tashi, na yi dambe tun ina saurayi har gwiwa ta ce ta gaji. Karatuna bai wuce ƙananan surori ba, sai ɗan bokon yaƙi da jahilci da nake rarrafe da shi yanzu. Abin da ya zaunar da ni a Alƙahira ɗaurin kaya ne. 'Yan kasuwarmu su sayi jallabiya da takalma da turare a Ataba, ni in cusa a buhu, in ɗinke, in kai wa masu jirgi. Ɗakina yana kan rufin wani tsohon bene, inda ake shanya, inda mai gidan yake kiwon tattabaru. Ɗakin da ke kallon nawa na wani mutumin Filifin ne, gajere, mai furfura a gefen kunne, yana dafa abinci a gidan wasu masu hali a can Ma'adi ta masu bishiyoyi. Kuku nake ce masa. Shi kuma Kuya yake ce mini, wai yaya ke nan da harshensu. Na gaya masa a namu harshen ƙyuya ita ce ƙin aiki, don haka suna ya sami mai shi. Larabcinsa a karye yake, nawa ya fi nasa karyewa, da shi muke hira, hannu yana cike inda baki ya gaza.

Ranar da nake magana na sauko daga jirgin metro ke nan, sai na hango taro a tasha. Wani tuktuk ne ya goge Kuku, ledar cefanensa ta fashe, tumatir yana gangara cikin kwata. Direban ƙato ne, da tabo daga gefen baki zuwa kunne, shi ne uban 'yan tashar. Maimakon ya ba da haƙuri, sai ya shaƙe kwalar Kuku yana kiransa Basine, wato ɗan ƙasar Sin, wai ya karce masa fenti. Ya mare shi. Mari na biyu tabarau ya faɗi, wani ya taka. Kuku bai kare fuska ba. Hannuwansa ya cusa a hammata, ya bar kunci a fili. A lokacin na ɗauka tsoro ne. Daga baya na gane hannun yake karewa, domin shi ne abincinsa.

Faɗan titi a garin nan yana da ƙa'ida, kuma na san ta, na sha kallo. Mutum biyu su haɗa goshi, a yi ihu, a taɓo uwa da kaka, a yage riga, kowa yana cewa ku riƙe ni kada in kashe shi. Jama'a su riƙe shi. Wani dattijo ya ce a yi wa Annabi salati, a watse, kowa ya tafi da girmansa. Amma sani daban, hannu daban. Na kutsa na ce, "Ma'alish, yi haƙuri ɗana, baƙo ne." Mai Tabo ya dube ni sama da ƙasa, ya kira ni da sunan da marasa tarbiyyarsu ke kiran baƙin mutum, ya ture ni a ƙirji, sannan ya miƙo haɓa yana jiran a riƙe shi. A filin da na tashi, wanda ya miƙo haɓa ya gama magana. Hannun dama bai yi shawara da ni ba.

Ya zube kamar buhun takalma. Wurin ya yi tsit, har ana jin tumatir yana fashewa ƙarƙashin ƙafa. Sai yaransa suka fito da shuma, wata gora mai kauri da suke ajiyewa ƙarƙashin kujerar tuktuk. Ta farko a baki ta same ni. Na ji wani abu kamar tsakuwa a kan harshe, na tofar, ashe haƙorana ne. Ta biyu a haƙarƙari. Daga nan ƙasa na gani, da takalma, kowanne yana neman inda zai sauka. Mahaucin unguwa ne ya cece ni. Ya fito da faffaɗar wuƙarsa ta sara ƙashi, jini a gaban rigarsa, ya tsaya a kaina yana rantsuwa da saki uku cewa wanda ya sake ɗaga gora zai rataye shi kusa da cinyar sa. Mata suka yi ta sheƙo ruwan wanki daga benaye. Kuku ya ja ni, ban san da wane ƙarfi ba, har asibitin unguwa, aka ɗinke leɓe, aka ɗaure ƙirji.

Washegari ya shigo ɗakina da kwano, kunun shinkafa da citta da kaza da aka yayyage kamar zare. Ya zauna bakin katifa, ya dafa ƙasan ƙirjinsa, ya faɗi wasu kalmomi da harshensu: utang na loob. Na ce ban ji ba. Ya lalubo Larabci ya ce bashi, ya sake dafa wurin ya ce ciki. Bashin ciki. Ga kwano a gabana, ga mutum yana nuna kusa da tumbi yana cewa yana da bashin ciki a kansa. Wa zai ce ban fahimta ba? Na ce, "Tamam," na jawo kwano.

Na ci bashin nan kamar ba gobe. Leɓe ya warke, na tashi daga kunu na koma taliya, daga taliya na koma kifi da kaza mai tsami da tafarnuwa. Kullum yamma kwanon nan yana bakin ƙofata a rufe. Har zaɓe na fara yi, ina cewa gishiri ya yi kaɗan. Masu ɗaurin kaya a Ataba suka ce tun da aka cire mini haƙora nake ƙiba, ko su ma su je a cire musu.

Ranar Juma'a ɗan 'yar'uwata yakan zo daga Ard el-Liwa. Ba yaro ba ne, magidanci ne da 'ya'ya a gida, ya daɗe yana karatun manɗiƙi da ilimin aƙida, har ni ma Malam nake ce masa. Da suka haɗu da Kuku sai aka gano ashe Kuku ya yi shekaru a makarantar horar da limaman coci, ya karanci falsafa, ya fita kafin a naɗa shi saboda wata yarinya da yanzu ita ce uwar 'ya'yansa. Shi ke nan na shiga uku. Su zauna kan bokitin fenti suna musu, ni ina tsakiya da kwanona.

Na tambayi Kuku mece ce wannan falsafa da ta hana shi zama liman. Ya ce tambaya ce a kan abin da kake amfani da shi kullum ba ka taɓa dubawa ba: mene ne mutum, mene ne daidai, ta yaya ka san ka sani. Ya ce littattafan da aka koya musu da mutum ɗaya suke farawa, zaune shi kaɗai yana tunani. Kakarsa kuwa, wadda ba ta taɓa buɗe littafi ba, ba ta san mutum shi kaɗai ba. A wurinta wanda ke gabanka wani ɓangare ne naka, in an mare shi kuncinka ne ya kamata ya yi zafi.

"To ni me ya sa nawa bakin ne kawai ya yi zafi?" na ce.

Malam ya ce shi fanninsa ma'auni ne. "Kawu, yadda kake ɗora nama a sikeli, haka ake ɗora magana. Ka kawo magana biyu, ta uku ta fito daga cikinsu. Duk mai rai zai mutu. Rago mai rai ne. Saboda haka rago zai mutu. Wannan shi ne ƙiyasi."

"Don wannan aka sa ka a jirgi? Ai ni ke yanka shi."

Amma abin ya shiga raina, domin yana kama da dambe, hagu ta buɗe hanya, wata hagun ta auna, dama ta gama aiki. Na ce bari in gwada. Tattabara a rufi take kwana. Ni a rufi nake kwana. Saboda haka ni tattabara ne. Kuku ya yi dariya har ya riƙe bango. Malam ya ce siffar ce ta gurgunce: kwana a rufi ya haɗa mu, amma ban ce duk mai kwana a rufi tattabara ne ba. Abu ɗaya ya haɗa biyu ba ya mai da su ɗaya.

Dariyar ba ta daɗe ba. An ɗaure wa Mai Tabo muƙamuƙi da waya, shi ma kunu ya yi ta sha, kuma ba shi da kuku. Da aka kwance masa, sai tuktuk ya fara sanin hanyata. In ina tafe gefen titi, in ji ɗaya ya taho a guje ya shafi rigata. Wata rana kwalba ta fashe a bango daidai kunnena. Sannan suka tare wani Basudane mai gyaran waya, dogo, baƙi, da farar jallabiya irin tawa, da rana tsaka a bakin gada, suka tsaga masa kunci da reza kafin su gane ba ni ba ne. Na je duba shi. Fuskarsa a naɗe, matarsa ta ƙi kallona.

Malam ya ce, "Ka ga ƙiyasin tattabararka a hannunsu, Kawu. Wanda ya buge mu dogo ne baƙi. Wannan dogo ne baƙi." Bai ƙarasa ba, ba wanda ya yi dariya.

Daga ranar Kuku ya fara raka ni. Da safe in fito, yana bakin matakala da ledarsa. Da yamma in sauko daga metro, yana tsaye wajen mai sayar da rake. Mutumin da bai kai kafaɗata ba, da sabon tabarau, yana tafe tsakanina da titi. Na ce ya bari, ya ce hanyarsa ce. Ba hanyarsa ba ce. Kuma na san abin da ke rataye a wuyansa: mata da 'ya'ya mata a can ƙasarsu, babbar tana karatun jinya, duk a kan hannun nan na dama da ke riƙe wuƙa. Takardar zamansa ma a hannun masu gidan take. In hannun ya lalace, ko sunansa ya shiga ofishin 'yan sanda, sai jirgi. Ni in an fasa mini kai, buhu ne zai rasa mai ɗinki.

Mahauci ya shiga tsakani. Ya kira ni bayan shago ya ce, "Ya Hag, ka kayar da mutum a gaban yaransa, kuma ba ka ko yi ihu ba tukuna. Wannan ba ya wankuwa sai a gaban mutane." An shirya zama a shagon shayin tasha. A karanta Fatiha, in tashi in sumbaci kan Mai Tabo, magana ta mutu. Na ce masa kan da na taɓa kai wa baki a duniya na rago ne, shi ma sai an babbake. Amma na tuna kuncin Basudanen nan, na ce na yarda.

Kuku ya ce zai zo. Na ce ba za ka zo ba. Ya dafa ƙirji. Na san waɗannan yaran, na san akwai ƙanin Mai Tabo da idonsa kullum ja ne, wanda Fatiha ba ta cika kama shi ba. Na kwana biyu ina saƙa da warwara, sai na ce tunda da karatu suke faɗa, bari in kore shi da karatu.

Ranar Juma'a, suna zaune kan bokitansu, na gyara murya.

"Malam, ɗauko sikelinka. Duk bashin da aka biya ya ƙare. Haka ne?"

"Haka ne, Kawu."

"Bashin ciki da abinci ake biyansa. Mutumin nan ya ciyar da ni har wandona ya ƙi ɗauruwa. Saboda haka bashinsa ya ƙare. Gobe ya tafi wurin aikinsa, ni in tafi wurin sumbata. A fassara masa da Larabci mai kyau."

Malam ya fassara. Kuku ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Kuya," ya ce, "duk watannin nan kana tsammani biya nake yi?"

"To me kake yi? Sadaka?"

"Ba ka da haƙori. Ina dafa abu mai laushi."

Ya juya ga Malam, suka yi ta jefa wa juna Larabci da Turanci, Kuku yana dafa ƙirji, yana girgiza kai, yana nuna tumbi yana cewa a'a. Can Malam ya kama gemu ya yi murmushi.

"Kawu, ƙiyasinka ƙafarsa huɗu, ya kamata a ce uku. Kalma ɗaya ka hau sau biyu, kowane hawa da ma'anarta. Mugalaɗa ke nan. Mutum nawa ka kashe a dambe?"

"Da yawa. Har da wani ɗan Gusau da ake ce ba ya faɗuwa."

"Ina kabarinsu?"

"Wane kabari? Suna nan suna cin tuwo. Kisan dambe kayarwa ce."

"To da alƙali zai ce duk wanda ya yi kisa a kashe shi, kai ka yi kisa, saboda haka a kashe ka fa?"

"Da na ce alƙalin bai taɓa zuwa fili ba."

"Haka ka yi wa ciki. Loob ɗin da yake faɗa ba tumbi ba ne. In ka ce kana farin ciki, tumbinka ne ya yi fari? Mai zurfin ciki hanjinsa ne ya fi na kowa tsawo?"

Ya juya ya bayyana wa Kuku farin ciki da baƙin ciki da zurfin ciki, da abin da muke nufi in muka ce mutum cikinsa ɗaya. Fuskar Kuku ta buɗe kamar an ba shi labarin gida. Ya ce su ma haka. Mai alheri, cikinsa ne kyakkyawa. Jarumi, cikinsa ne mai ƙarfi. Wanda aka ɓata wa rai, cikinsa ne ya yi muni. Ya ce ya zaga ƙasashe yana dafa wa mutane abinci, bai taɓa haɗuwa da masu ajiye mutum a inda su suke ajiye shi ba sai yau. Yana ta maimaita baƙin ciki, baƙin ciki, yana murna, kamar sunan jaririya.

Sannan ya dube ni. Ya ce bashin shago kana biya ka fita, mai shago ba ya ƙara saninka. Wannan kuwa ba wanda ya nema, ba wanda ya yi ciniki. Na ba da haƙorana ba tare da an roƙe ni ba, abin ya fito daga cikina, don haka daga cikinsa ne amsa za ta riƙa fitowa, kuma ba ta da ranar ƙarewa. A wurinsu wanda ya ce ya gama biyan irin wannan, ya ce ke nan ba ya son ya ƙara saninka. Zagin da ya fi kowanne a garinsu shi ne a ce mutum ba shi da wannan bashin ciki.

Na fahimta sarai. Ai mu ma muna da shi, ba mu dai yi masa suna ɗaya ba, wani ya ce halacci, wani ya ce alheri danƙo ne. Amma fahimta ba ita nake nema ba. Na tashi na ɗauko kwanon, na wanke shi a famfo, na goge da gefen rigata, na ajiye a gaban ƙafarsa.

"Khalas," na ce. "Shi ke nan, mun rabu lafiya. Kada in ƙara ganinka a bayana."

Ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ya shiga ɗaki, ya rufe.

Malam ya ce, "Kawu, ka san abin da ka yi?"

"Na sani. Gara ya ji haushina da hannu biyu."

Washegari bayan La'asar na sa farar jallabiyata. Ɗakin Kuku a kulle, na ce madalla, ya tafi aiki. Shagon shayi ya cika har titi, an jera kujeru, tuktuk sun yi layi kamar ranar biki. Mai Tabo yana zaune a tsakiya, ya rame, bakinsa ya ɗan karkace. Mahauci ya yi jawabi a kan maƙwabtaka da haƙƙin baƙo. Aka ɗaga hannu aka karanta Fatiha. Na tashi, gwiwa tana ƙara, na sunkuya kan gashinsa mai warin man inji, na kai leɓena.

Sai na ji ƙara a bayan ƙeyata. Na san ƙarar nan tun ina yaro, ita ce ta ƙashi a kan kututture in gatari ya sauka. Na jira zafi, bai zo ba. Na waiga. Ƙanin Mai Tabo ne da bututun ƙarfe, ya zagayo ta bayan kujeru. Tsakanin ƙarfen da ƙeyata akwai hannu, a buɗe, na dama. Kuku ne, ledar cefane tana rataye a ɗaya hannun, ashe tun farko yana cikin taron bayan wani mai ƙiba. Yaron ya sake ɗagawa ya sauke, wannan karon a tsintsiyar hannun. Kuku ya durƙusa, bai yi ihu ba, wani ɗan sauti kawai ya fita kamar na tukunya in an ɗaga murfi.

Daga nan shagon ya kife. Mahauci ya yi kukan kura, domin a kan maganarsa aka zauna. Amma Mai Tabo ya riga shi. Ya ɗauki kujerar da yake kai ya rafka wa ƙaninsa a gadon baya, ta karye, ya bi shi da ƙafarta, yana duka yana cewa ta bakinsa karkatacce, "Bayan Fatiha? Bayan Fatiha, ɗan kare?" Kofunan shayi suna fashewa, garwashin shisha ya watse a ƙasa, wani ya taka ya yi tsalle. Yaron ya rufe kai, jini yana bin yatsunsa, sai da maza suka taru kafin a ɓamɓare wansa daga kansa. Wannan karon da gaske ake riƙewa.

Ni ko dunƙule hannu ban yi ba. Ina durƙushe na tallabe hannun Kuku a tafina, ina jin abin da ke ciki yana motsi kamar tsakuwa a leda. Na yi shekaru ina raba gaɓa da gaɓa, na san abin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa.

Mai Tabo da kansa ya kai mu asibiti a tuktuk ɗinsa, yana tuƙi yana zagin duk wanda ya tare hanya. Kowane rami Kuku ya cije leɓe. Fuskarsa ta koma kalar toka. Muna kusa da isa ya jingo kansa ya ce wani abu, na kai kunne.

"Kuya, wannan ba biya ba ne. Kada ka ce khalas."

"Rufe mini baki," na ce. "Da tabarau ɗinka ba ka ga ƙarfe ba ne?"

An sa ƙarfe a tsintsiyar, an ɗaure. Da aka kwance, babban yatsa da manuni suna motsi, sauran sun tsaya a miƙe kamar masu jiran a ƙirga su. Yana iya riƙe cokali, yana iya juya miya da hagu. Wuƙa kuwa ta ƙi zama. Na gan shi ta taga yana gwadawa da albasa, tana zillewa, ya ɗauka, ta sake zillewa. Uwar gidan da yake wa aiki ta yi haƙuri iya nata, sannan ta fara tambayar ko ya san wani mai dafuwa.

Tashar ta yi lafiya tun daga ranar. Tuktuk ya daina sanin rigata, an tura ƙanin ƙauye wurin kawunsu, Mai Tabo in ya gan ni yakan dafa ƙirji. Amma ba wannan ne ya dame ni ba.

Wata safiya bayan Asuba na ɗauko wuƙaƙensa da ke naɗe a tsumma, na wasa su a bakin matakala, na buga masa ƙofa da ƙafa. Na ce ya kawo abin da za a dafa yau a gidan masu bishiyoyi. Ya tsaya yana kallona. Na ce ni ɗan mahauta ne, kafin a haife shi nake fiɗa, kada ya ɓata mini lokaci, Ataba tana jira. Tun ranar haka muke. In feɗe kaza, in zare ƙayar kifi, in yanka nama da albasa da karas, ya jera a robobi ya ɗauka ya tafi. Can wuta da gishiri nasa ne. Uwar gida ta daina tambaya. Babbar 'yarsa tana nan tana karatunta.

Na taɓa jan Malam gefe na ce, in ina bin mutum, shi ma yana bina, ba sai a soke ba kowa ya huta? Ya ce a fiƙihun dukiya ana yin haka. Na ce a wannan fa? Ya ce, "Ga shi can, Kawu, tambaye shi." Ban tambaya ba. Bakina ya sha isasshen duka.

Kwanon bai dawo da wuri ba. Ya ɗauki lokaci yana gaishe ni kamar ma'aikacin banki. Sai wata yamma na dawo na tarar da shi a bakin ƙofa, a rufe, kunun shinkafa da citta, kazar ciki yankan hannuna ce, na gane ta da girma. Da safe na zauna kan bokiti ina yanka albasa, yana tsaye a kaina da hannunsa a aljihu.

"Kuya, wannan albasa ce ko cinyar sa? Ƙanana. Ƙanana na ce."

"A garinmu haka ake yanka ta."

"Baƙin ciki," ya ce da Hausarsa, ya tura mini wata.